Sawu a Jiƙaƙƙen Rairayi

Ranar Juma'a aka sare cikin jirgin Dawuda, da rana tsaka, lokacin da mazan tungayen nan uku suke sahu a masallaci. Da aka sallame aka gangaro bakin bahar, wato teku, sai aka tarar da jirgin a kan tokaransa kamar yadda aka bar shi, amma an ɓarke masa katako a ƙasa, wurin da ƙato zai iya zura kai ya leƙa ciki. Gizagon da aka yi ɓarnar da shi yana yashe a inuwar jirgin. Kowa kuwa ya san mai shi.

Ni lokacin ina Makka, a Misfala, ina kai ruwa gida-gida da garwa biyu, sana'ar da tsufa da rashin takarda suka bar mini. Sunana Hadi. Can ƙasarmu ta Damargu bin sawu na gada. Raƙumi ya ɓace a kira ni, ɓarawo ya shiga garke a kira ni. A Makka kuwa ba a tunawa da ni sai akuyar wani ta tsinke. Saboda haka da Mukhtaru, mai motar da ke ɗauko busasshen kifi daga gaɓa, ya tare ni a bakin layi, na ɗauka ruwa yake so.

Mukhtaru haifaffen unguwar Hindawiyya ne, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce, "Ya ammi, ajiye garwa. Akwai mushkila a bahar. Sun ce in kawo ka, yalla."

Ba na son bahar. Sau ɗaya na haye ta daga Sawakin ta Sudan, na yi amai har na roƙi Allah Ya ɗauki raina, kuma har yau ban ga amfanin yawan ruwan da ba ya kashe ƙishi ba. Amma da ya ce mini za a ɗauke gugar wani mutum mai mata da ƙananan yara, sai na ɗauki rawanina na hau bayan mota.

Tungayen nan uku na mutanenmu ne, a jere a gaɓa kudu da Jidda. Ta arewa ita ce Gishiri, inda ake kankare gishiri a faƙo. Ta tsakiya Rijiya, nan masallaci yake da rijiya guda ta ruwan daɗi. Ta kudu ana ce mata Ƙarshe. Wasu tun da jirgi ya zubar da su nan ba su ƙara gaba ba, wasu daga Makka suka gudo saboda kame. Babu mai iƙama, takardar izinin zama, ko ɗaya, don haka ba a kiran askari kome ya faru. Hukuncinsu ɗaya ne. Kowane gida yana da turken da yake rataye gugarsa a bakin rijiya. In aka sauke gugar mutum aka jefa masa, shi da ruwan nan har abada. Wanda ba shi da ruwa a wannan gaɓa kuwa, sai ya kwashi iyalinsa ya bi hanyar mota, inda askarawa suke.

Da muka isa washegari da hantsi, na ga guga ɗaya a ƙasa, gindin turkenta, samari biyu da sanduna suna tsaye a kanta.

* * *

Dawuda shi ne mai jirgi kuma shi ne babban Rijiya, dogon mutum mai jajayen idanu. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

Ya ce, "Malam Hadi, don matarsa ta faɗi tana kuka aka kira ka, ba don muna shakka ba. Gizagon Kabo ne. Kabo bai zo Juma'a ba. Kuma gaban jama'a ya ce wannan jirgin ba zai ga Sudan ba. Da la'asar za mu jefa masa gugarsa."

Jirgin nan shi ne zai haye da masu komawa gida. Tun da ƙasashenmu suka sami mulkin kai mutane suka fara zumuɗin komawa, wanda ba shi da takarda kuwa ba shi da hanya sai irin jirgin Dawuda. Matafiyan sun taru, an rarraba su gidaje a tungayen uku kamar yadda aka saba, suna jiran a gama shafe jirgi da man kifi. Yanzu ga shi an sare shi, iskar da ake tafiya da ita kuma ta kusa juyawa.

Jirgin yana wani lungu tsakanin Rijiya da Ƙarshe. Kewayensa an tattake shi kamar kasuwar awaki, na yi tsaki har Dawuda ya harare ni. Amma wani mai hankali ya kife kwanduna a kan sawun da ya fita daga wurin ya yi kudu. Na ɗaga kwando na tsuguna.

Takalmin taya ne, irin wanda kowa ke sawa a nan saboda kaifin duwatsu, mutum ɗaya ke yanka musu, har baƙi ana ba su aro. Bai gaya mini kome ba. Na bi sawun. Taku gajere ne, yatsu a waje, irin na mutumin da ya daɗe yana dako. A wurare biyu ya tsaya ya huta. A na biyun ya juya wa bahar baya, ya fuskanci tudu ya daɗe a tsaye. Daga nan ya ci gaba har kusa da bukkokin Ƙarshe, inda ya hau busasshen rairayi, iska ta cinye sauran.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Gefe guda ga shimfiɗar dutse tun daga jirgi har Ƙarshe, wadda ko raƙumi ya bi ba zai bar alama ba. Ga kuma ruwa marar zurfi da za a iya bi ta ciki. Amma mutumin nan ya bar duka biyun, ya zaɓi jiƙaƙƙen rairayin da ke dab da ruwa, inda sawu ke fita raɗau, zuwa da dawowa. Tun da nake ban taɓa ganin mai laifi ya yi wa mai bin sawu irin wannan karamci ba.

* * *

Kabo masassaƙi ne, gajere mai faɗin ƙirji. Na same shi zaune a ƙofar bukkarsa a Ƙarshe, matarsa Shatu tana raba wa yara ragowar ruwan tulu da ludayi, kurɓi-kurɓi.

Na ce, "Me ya hana ka Juma'a?"

Ya ce, "Ba na bin sahu ɗaya da wanda ya ce mini maƙaryaci. Na ce masa jirgin nan yana son gyara kafin a ɗora masa rayuka, ya ce hassada ce. Na ajiye masa aikinsa na taho, ko kayan aikina ban kwaso ba."

"Wa ya gan ka a gida?"

"Allah."

Shatu ta ce, "Baba, ni na gan shi, amma sun ce shaidar mace a kan mijinta ba shaida ba ce. Don Allah ka duba mai motar nan. Ai shi ne ba ya son masu shanya masa kifi su tafi."

Na sa Kabo ya yi tafiya a kan danshi. Takunsa dogo ne, dunduniya na nutsewa. Ba shi ba ne, na san haka kafin ya juyo. Amma da na koma Rijiya na faɗa wa Dawuda, sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ya ce, "Ni ma in na so sai in gajarta taku. In ba Kabo ba ne, to wane ne? Ka ba mu suna, ko ka ba mu wuri."

Samarin da ke bayansa suka yi gunaguni. Daga nesa na hango mazan Ƙarshe sun taru a inuwa, su ma da sandunansu. Na san in aka zubar da jini a nan, askarawan gaɓa za su ji, kuma ba za su tambayi wace tunga ce mai gaskiya ba, duka za a loda a mota.

Zancen Mukhtaru bai je ko'ina ba. Yana masallaci, a sahun baya, kuma wanda ya tsaya kusa da shi ya shaida. Wannan shaida kuwa na san shi, Awwalu ne, ɗan maƙwabcina.

* * *

Malam Salihu maƙwabcina ne a Misfala shekaru masu yawa. Yana ɗinkin hula, kullum la'asar ya dogara sandarsa ya tafi Harami, ba ya dawowa sai an yi isha. Ya baro gida ne Awwalu yana goye, da niyyar ya yi hajji ya koma, sai zama ya miƙe. Bana sai ga wani mutum mai gemu ya yi sallama a layinmu yana tambayar ubansa. Ya taho ta ƙasa, yana aikin auduga a Sudan yana ƙara gaba, don ya tafi da tsohon gida. Duk layi aka yi ta kuka, har da ni, ba na ɓoyewa.

Awwalu ɗan fari ne, Malam Salihu kuwa mutumin dā ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In zai yi masa magana sai ya kalli bango ya ce, "A gaya wa yaron nan." Ko a nan gaɓa da aka zo raba baƙi, shi ya roƙa kada a haɗa su rufi ɗaya. Aka sauke ɗan a Rijiya, uban a Ƙarshe.

Na sami Awwalu a gindin jirgi yana shafa wurin saran da hannu, idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Baba Hadi, innata idonta ya tafi. Da zan taho ta riƙe hannuna ta ce kada in dawo mata ni kaɗai. Na kai tsohon nan har bakin ruwa, saura ƙiris, wani la'ananne ya yi mini wannan. Wallahi in na san shi..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Yaya jikin tsohon?"

"Tun da muka zo yake kwance. Ko Juma'a bai iya zuwa ba. Ka je ka gan shi, kai yana yi maka magana."

* * *

Na tarar da Malam Salihu kwance a kan tabarma cikin wata bukka mai duhu, sandarsa jingine da ƙofa. Ya rame. Ya riƙe hannuna ya tambaye ni Misfala gida-gida, wa ya mutu, wa ya haihu, an rushe shagon mai shayi ko yana nan. Ya ce ko an ba wani ɗakinsa. Na ce tukuna.

Ya ce, "Me suke cewa za su yi wa masassaƙin?"

"Za su jefa masa gugarsa."

Ya rufe ido har na ɗauka barci ya kwashe shi. Can ya ce, "Ba su da shaida. Za su huce. Kai ma sun wahalar da kai a banza, Hadi. Me za ka gani a bakin teku? Ai ruwa ya cika ya janye tun jiya, ya shafe kome."

Na ce, "Cika kamar yaya?"

Ya ɗan murmusa. "Ɗan daji ke nan. Teku ai numfashi take yi. Da ina saurayi na yi dako a bakin jirgi a Ikko. Inda ka tsaya da safe a bushe, da yamma ruwa ya kai maka wuya. Kullum ta Allah haka take."

Ban ce masa na ga sawu ba, domin ba na zubar da abin da na gani a gaban kowa sai na gama. Na ɗauka dai sa'a na yi ruwan bai kai wurin ba tukuna. Hankalina ya tashi, na yi masa sallama na fito da sauri in sake duba sawun kafin ruwa ya cinye mini shi.

A hanya na iske wata mata tana jera kifi a kan tabarmi, dab da ruwa, tazarar ba ta fi taku ɗaya ba. Yalwa ce sunanta, tana cikin masu jiran jirgi, amma ita ta daɗe a gaɓar nan tana shanyar kifi kafin ta sami wuri a ciki.

Na ce, "Baiwar Allah, ja tabarminki baya. In ruwa ya cika zai kwashe miki."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi mata Larabci. "Wane ruwa?"

"Bahar mana. Ba ta cika da yamma?"

Duk da baƙin cikin da take ciki sai da ta yi dariya. "Malam, wa ya yi maka wannan tatsuniya? Wannan bahar inda ka bar ta nan za ka same ta. In ta motsa ƙwarai, faɗin tafin hannu. Sai da sanyi, in iskar kudu ta taso, take ɗan hawowa. Tun bayan salla turakun tabarmin nan suke nan, ko jiƙewa ba su yi ba. Tambayi kowane yaro."

Na tsaya.

Na koma wurin da mai sawun ya huta na biyu, na sa ƙafafuna kusa da nasa, na juya yadda ya juya. Ba tudu yake kallo ba. Makka yake kallo. Ban taɓa ganin sawun maƙwabcina ba tare da ɗigon sanda a gefensa ba, shi ya sa ban gane shi ba. Ko kuwa idona ya gane tun da safe, zuciyata ce ta ƙi. Na zauna a kan dutse na ji na tsani sana'ar da na gada.

* * *

Da aka sallame la'asar tungayen uku suka hallara a bakin rijiya. Mutanen Gishiri a gefe, mutanen Rijiya a bayan Dawuda, mutanen Ƙarshe sun sa Kabo a tsakiya. Na ce a kawo duk matafiya, har da marasa lafiya. Aka ɗauko Malam Salihu a kan jaki aka zaunar da shi a inuwar masallaci. Awwalu ya tsaya nesa da shi kamar kullum.

Dawuda ya ɗauki gugar Kabo ya riƙe. Ya ce, "Muna jinka."

Na ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Wanda ya yi ɓarna a bakin ruwan nan, yana son ya ɓoye sawunsa, ina zai bi?"

Wani daga Gishiri ya ce, "Kan dutse."

Wani ya ce, "Ko cikin ruwa."

"Jiƙaƙƙen rairayi fa?"

"Sai dai mahaukaci. Sawu yana kwana da kwanaki a nan."

Na ce, "To, nan ya bi, kuma ba mahaukaci ba ne. Da wayo ya bi, domin ya tabbata kafin yamma ruwa zai cika ya wanke bayansa. Kabo ya tsufa a gaɓar nan. Akwai wanda zai ce Kabo bai san baharku ba ta cika?"

Na ci gaba. "Ni ɗan daji ban ma san akwai ruwa mai cika da janyewa ba sai yau. Wanda ya yi wannan aiki ya san teku sarai, amma ba wannan ba. Wata ya sani, can yamma. Kuma baƙo ne, bai zauna nan ya lura ba."

Matafiya suka fara kallon juna. Dawuda ya ce, "Suna."

Ina so mai laifin ya tashi da kansa. Na ba shi lokaci har jama'a suka fara motsi, har wani saurayi ya buga sanda a ƙasa. Malam Salihu yana zaune kansa a sunkuye yana jan carbi. Ƙaramar 'yar Kabo ta fara kukan ruwa, Shatu ta toshe mata baki da gefen zane.

Dawuda ya ɗaga gugar. "Ba shi da suna. Surutu ne."

Sai na juya wajen inuwar masallaci. Na ce, "Malam Salihu, ruwan bai cika ba."

Carbin ya tsaya. Ya ɗago a hankali ya dube ni. "Bai cika ba?"

"Bai cika ba. Sawunka yana nan, zuwa da dawowa."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe, ba sanda. Ya ce, "A mayar wa bawan Allah nan gugarsa. Ni ne. Na ɗauka ba za a sami kowa da laifi ba, za a ce tsautsayi ne a haƙura. Da na ji an kama shi na so in yi magana, tsoro ya hana ni. Kabo, ka yafe mini."

Yalwa ta kurma ihu ta zube ƙasa. "Me na yi maka? 'Ya'yana na baro suna rarrafe! Me na yi maka, tsoho?"

Bai iya dubanta ba. Ni ya duba. Ya ce, "Hadi, ka gaya wa yaron nan, ban zo ƙasar nan don in koma ba. Tun ranar da na ga Ɗakin Allah na roƙa a binne ni a maƙabartar Ma'ala. Abokaina duka suna can. Saura kaɗan, ina jinsa a jikina. In na hau jirgin nan a Sudan zan mutu, a gefen hanya. Na aika masa ta bakin liman, ya ce sai ya ji daga bakina. Ka gaya masa..."

Awwalu ya ratsa jama'a ya zo ya durƙusa a gabansa, kusan da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Baba, ga ni. Ba Baba Hadi ba, ba liman ba. Ni ne na taka daga gida har nan. Ka dube ni ka gaya mini, ko kalma ɗaya ce, wallahi zan karɓa."

Na ga leɓen tsohon yana motsi. Na ga wuyansa ya yi kamar zai juyo. Sai ya kawar da kai ya kalli bangon masallaci, hawaye na bin gemunsa. Mutumin da ya iya ɗaga gizago ya sare jirgi ya kasa ɗaga ido ya dubi ɗansa.

Awwalu ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa. Ya ce wa Dawuda, "Ɓarnar gidanmu ce. Zan zauna in yi aiki har jirgin nan ya koma ruwa. In ya tashi, ina ciki." Ya juya ya tafi bai waiwayo ba.

Dawuda ya dubi gugar da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ta zo nan ba. Ya miƙa wa Kabo. Kabo bai karɓa ba, ya nuna masa turke da haɓa. Dole Dawuda ya taka da ƙafarsa ya rataye ta. Shatu ba ta jira kowa ba, ta sauke ta ta zura a rijiya.

Tsohon ba shi da gugar da za a jefa masa. Aka yanke ya bar gaɓa a motar Mukhtaru, kada ya sake taka ta. Kabo ya ce katako sai an nemo daga Jidda, iskar bana kuwa ta riga ta wuce su. Yalwa tana nan zaune a ƙasa.

* * *

Da safe muka ɗora shi a bayan mota, tsakanin buhunan kifi. Ba wanda ya zo rakiya. Yana ta gyara zaman sandarsa, yana satar kallon hanyar Rijiya.

Mukhtaru yana zuba ruwa a inji, ni kuwa na zaga bayan rumfar gishiri, domin idona ba ya iya zama. Nan na ga sawu, sabo, raɓa ba ta bushe a kansa ba. Na tsuguna na karanta shi, sannan na dawo na hau.

Sai da tungayen suka ɓace a bayanmu, bahar ta koma wani farin zare, sannan ya yi magana, yana kallon buhu.

"Yaron nan bai zo ba ko?"

Na ce, "Ya zo. Yana bayan rumfar gishiri tun kafin mu ɗora ka, inda yake ganinka kai ba ka ganinsa. Ya daɗe a tsaye har ƙafarsa ta nutse. Ya yi taku ɗaya zuwa wajenka, ya tsaya. Ina jin jira yake a kira shi. Sannan ya koma."

Tsohon ya damƙi gefen mota ya yunƙura ya juya baya. Babu kome a can sai ƙura da faƙon gishiri. Ya buɗe baki, muryarsa ta fashe.

"Awwalu!"

Ni kaɗai na ji. Mukhtaru ya canja giya, motar ta hau hanyar Makka.